Za-a-ƙara

A layinsu ba za ka ji an kira shi da sunansa na gaskiya ba. Za-a-ƙara ake ce masa, manya da yara, kuma yana amsawa babu fushi, domin matarsa ce ta laƙaba masa, shi kuwa abin da ya fito daga bakin matar nan bai taɓa iya musa shi ba.

Yankan gilas ne sana'arsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, tebur guda shimfiɗe da tsohon bargo, gilasai jingine a bango, ƙasa kuwa ko an share sai ta riƙa ƙyalli. Yatsunsa duk tabo ne. Yana da ra'ayinsa game da duniya, kuma daga tagogin mutane ya samo shi. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin tagar da ta miƙe sak ba: ko magini ya karkace, ko katako ya kumbura, ko mai walda ya yi aikinsa yana hira. Saboda haka ba ya komawa shago da gilas wai don ya ƙi shiga. Ɗan dutsen goge gilas na aljihunsa. Sai ya zauna a gindin tagar ya ci gefen kaɗan, ya gwada, ya ƙara ci, har gilas ya zauna daram. "Lallaɓa shi ake yi," abin da yake gaya wa masu gida ke nan in sun tsaya a kansa suna kallo.

Sunan kuwa ga asalinsa. Bawan Allahn nan bai taɓa sayen abu cikakke ba, bai kuma taɓa gama abu ya ce shi ke nan ba. Ba rowa ba ce, don in ka je gidansa sai ka ture abinci. Shi dai yana son ya ga an bar wa gaba wuri. Gidansu ɗaki biyu ne da falo, amma ga rodi nan tsaitsaye a kan rufi suna jiran bene. Kantar falo da ya haɗa da hannunsa hawa biyar ya yi mata, uku ya sa wa gilas. In matar ta nuna ta ce, "Wannan fa?" sai ya ce, "Za a ƙara." Rodin suka yi tsatsa, tsuntsaye suka mayar da su wurin hira. Hatta ranar da aka haifi 'yarsu, da aka fito aka ce masa mace ce lafiyayya, cewa ya yi alhamdu lillahi, za a ƙara. Allah bai ƙara ba. Ita ce ta fari ita ce Auta, da haka ake kiranta har ta girma ta tafi aikin jinya wani gari mai nisa.

Matar malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata har shi. Ita kuwa Allah Ya ba ta baki. Tana shara tana magana, tana gyaran littattafan yara tana magana, in ba kowa a gida ta yi da rediyo, in mai labarai ya yi kuskuren nahawu ta gyara masa. Shi mutum ne mai shiru, kuma shirun nasa bai taɓa damunsa ba, don akwai mai cike masa shi. Yakan dawo daga shago ya zauna yana cire ɓurɓushin gilas daga tafin hannu, ita tana zuba masa labarin duniya, shi nasa "uhm" ne da "to fa". Da za a tambaye shi abin da ya fi so a rayuwa ba zai iya faɗa ba, amma wannan zaman ne.

Da ta kusa ajiye aiki ta ce laftof take so, don ta riƙa shirya darasi wa yaran da za ta koyar a gida. Suka tafi tare. Mai shagon ya ajiye musu guda biyu a kan kanta, kamanninsu ɗaya. Ya ce wannan memorinta giga takwas ne, an cika ta, wannan kuma huɗu ne, amma akwai gurbi a ciki da ba a sa komai ba. Ya juya ta ya nuna musu wata 'yar ƙofa a ƙasa mai sukuru ɗaya.

"Shi memorin mene ne aikinsa?" in ji Malama.

"Kamar teburin aiki ne, Hajiya. Ram muke ce masa. In teburin na da faɗi, sai ta baza kayanta ta yi aiki da sauri. In ƙarami ne sai ta riƙa ɗauke wannan ta ajiye wancan."

"To a ba mu mai faɗin, ta riƙe abu ram."

Amma idon Za-a-ƙara ya riga ya maƙale a kan 'yar ƙofar nan. Gurbi a buɗe, yana jira! Ai shi an gama da shi. Ya ce wa mai shago, "In mutum ya so, da kansa zai iya sa wa?"

"Ƙwarai, Baba. Sukuru ɗaya ne."

Malama ta dube shi ta gefen tabarau. "Kar ka faɗa. Don Allah kar ka faɗa a gaban mutane."

Ya faɗa. Mai shago ya yi dariya, ita ma ta yi, suka ɗauki mai huɗun suka dawo gida tana yi masa tsiya a mota har suka sauka. Kuma gaskiya injin bai ba ta kunya ba. Rubutu ne da 'yan hotuna, ya ishe ta shekara da shekaru, gurbin nan kuwa aka manta da shi.

Wata safiya tana tsaye tana guga sai dutsen gugar ya suɓuce daga hannunta. Kafin ya taso daga kujera ta zube. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta rayu, amma hannun dama da ƙafar dama suka tafi, maganar kuma ta tafi tare da su. Hankalinta na nan garau, ana gani a idonta, sai dai in ta buɗe baki abu ɗaya ke fita, "ba, ba, ba," shi ne ruwa, shi ne sannu, shi ne tashi ka ba ni wuri. Rubutu ma ya gagara, haruffan da ta koya wa yara ɗaruruwa suka watse mata. Za-a-ƙara ya rufe shago ya dawo gida jinya. Ya koyi juya ta, ya koyi wanke ta, ya koyi dafa abin da za ta iya haɗiya. Duk wannan bai dame shi ba. Shirun gidan ne yake neman kashe shi.

Auta ce ta kawo dabara da ta zo hutu. Ta sa wata manhaja a laftof ɗin, wadda ke cika fuskar injin da hotuna. In aka danna hoto sai murya ta faɗi kalmar. Ta zauna ta ɗauki muryarta da kanta, kuma muryar Auta ta uwarta ce sak, har in ta kira a waya a da yakan rikice. Ta sa ruwa, zafi, juya ni, zo, e, a'a, na gode. Uwar ta yi ta bugun katifa da hannun hagu tana "ba, ba" har sai da suka gane akwai saura. Auta ta yi ta canka, uwar na girgiza kai, can ta ce, "Mama, ko 'ƙarya kake' kike so a sa?" Sai ga rabin bakin Malama ya yi murmushi. Aka sa "ƙarya kake", aka sa "yi mini shiru", aka sa "Za-a-ƙara" da hoton rodin kan rufi.

Ranar da ya fara jin muryar nan daga ɗaki yana tsaye a kicin, "Za-a-ƙara, zo," sai da ya dafa bango. Ya shiga yana share ido da gefen riga, ya ce albasa ce. Ta lallaɓa linzamin injin da hannun hagu, ta danna. "Ƙarya kake."

Sai dai injin ya tsufa, manhajar kuma ta yi masa nauyi. Tun Auta na nan yakan ɗan yi jinkiri, bayan ta koma abin ya ƙaru. Malama za ta danna, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, yana juyawa, muryar ba za ta zo ba sai an manta da tambayar. Da farko abin dariya ne. Ya ce, "Kina son shayi?" Shiru. Ya gyara mata matashi, ya ce, "Ko dai na gundure ki ne?" Sai injin ya ce, "E." Ya yi dariya har da buga cinya. Ita ba ta yi ba. Macen da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, yau amsarta ke zuwa a makare tana faɗawa kan tambayar da ba tata ba. Auta ta ce a waya, "Baba, memori ne ya yi mata kaɗan. Ka bari in na zo sai mu kai a ƙara." Ya ce to. Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Ana nan sai yayar Malama ta zo dubiya daga nesa, tsohuwa mai rauni, da ƙyar aka hawo da ita matakalar ƙofa. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun ƙanwarta. Ta ce, "Akwai inda ke miki ciwo?" Malama ta danna. Zoben ya fito yana juyi. Tsohuwa ba ta san ana jira ba, ta ga dai ƙanwarta ta ƙura wa inji ido ba ta kalle ta ba. Ta ce, "Ke, kin kuwa gane ni? Ni ce Yaya."

"A'a," in ji injin, da muryar Malama ta ƙuruciya, tsaf.

Tsohuwa ta saki hannun ta fashe da kuka. Za-a-ƙara ya yi bayani, ya maimaita, ya rantse, amma Yaya ba ta san wani zobe ba, abin da kunnenta ya ji shi ta sani. Malama ta yi ta dannawa, tana dannawa, injin ya daskare gaba ɗaya. Aka fita da Yaya tana cewa, "Ba komai, ciwo ne, Allah Ya ba ki lafiya." Bayan sun tafi ne kalmomin suka zubo a jere cikin ɗakin da ba baƙo: e, e, e, zo, zo, na gode. Malama ta sa hannun hagu ta rufe murfin. Washegari ya buɗe mata, ta sake rufewa, ta juya fuska bango.

Ya zauna a falo yana kallon hannuwansa. Shi ya zaɓi mai huɗun. Ita ta ce a ba su mai faɗi, shi ya ga ƙofa. Baƙin ciki ya kama shi, da kunya, da wani irin haushin kansa da bai saba da shi ba. Auta ba za ta samu hutu nan kusa ba. Ya ce a ransa wannan karon ba za a jira kowa ba, sukuru ɗaya ne.

Ya roƙi maƙwabciyarsu ta zauna da Malama, ya hau mota zuwa kasuwar kayan kwamfuta a can ɗaya gefen gari. Bai ɗauki laftof ɗin ba. Ko da ta rufe shi, a kan cinyarta yake kwana, kuma bai ga yadda zai ɗauke wa mace bakinta ya fita da shi ba. Kasuwar rumfuna ce a cunkushe, wayoyi na reto, kowa na kiran kowa. Ya tsaya gaban wani mai rumfa da ke cin abinci da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan.

"Memorin laftof nake so. Ram."

"Naka uku ne ko huɗu, Baba?"

Nan kam ya san amsa, don da kunnensa ya ji ranar saye. "Huɗu ne."

"Ka tabbata?"

"Ni na saye ta, ɗana."

Mai rumfa ba giga yake tambaya ba. Memori iri-iri ne, akwai na zamanin da ake kira uku, akwai na bayansa da ake kira huɗu, kuma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. Injin Malama na zamanin uku ne. Amma tambaya ta zo daidai da lambar da ke kansa, amsa ta fita da ƙarfin gwiwa, aka miƙo masa ɗan siririn allo kore cikin roba. Ya sa a aljihun gaba, ya dafe shi da hannu har gida.

Da safe, da rana ta shigo ɗakin sosai, ya jawo ɗan tebur kusa da taga, don mai gilas ba ya aiki sai da haske. Ya shimfiɗa tawul. Ya ce, "Malama, ara mini bakin naki, yanzun nan zan dawo miki da shi." Ta bar shi ya ɗauka, tana binsa da ido. Ya kashe injin, ya zare waya, ya cire batir kamar yadda mai rumfa ya ce, ya kife shi, ya kwance sukurun ya ajiye a murfin kwalba. 'Yar ƙofar ta buɗe. Ga tsohon memorin kwance, ga gurbin a samansa, tsaf, ko ƙura babu. Sai da ya ɗan tsaya yana kallonsa.

Ya ɗauko sabon ta gefe-gefe, kamar yadda yake ɗaukar gilas. A ƙasansa akwai jerin haƙora masu ruwan zinariya, da 'yar wushirya a tsakaninsu. A cikin gurbin kuma akwai ɗan tudu da ya kamata wushiryar ta hau. Ya karkata shi ya tura. Bai shiga ba. Ya juya shi, bai shiga ba. Ya sa tabarau ya duba da kyau: wushiryar ta kauce wa tudun, allon kuma ya ɗara gurbin tsawo da kamar kaurin siririn gilas.

Da wani ne, da ya mayar da shi roba ya koma kasuwa. Shi kansa, a kowace rana ta rayuwarsa ban da wannan, da ya ce a bari sai Auta ta zo. Amma ya tuna kukan Yaya, ya ga bayan matarsa da ta juya wa bango, kuma abin da ke gabansa ya san shi farin sani: abu ne ya ƙi shiga da ɗan kaɗan. Tun yana saurayi yake maganin irin wannan. Ya tashi ya ɗauko dutsen goge gilas da ɗan siririn magagari.

Da ta ji ƙarar gugar sai ta waiwayo. "Ba," in ji ta.

"Yanzun nan, Malama."

"Ba! Ba, ba!" Ta buga zobenta a ƙarfen gado.

"Na sani, kin gaji da jira. Lallaɓa shi ake yi."

Ta buga, ta buga, har gadon na amsawa. Ita da ta shekara tana hana yara cusa murabba'i a ramin da'ira ta ga abin da yake yi sarai. Amma "a'a" ɗinta na cikin injin da ke kife a kan tebur, cikinsa a buɗe. Shi kuwa ya ɗauka gaggawa take yi masa, sai ya ƙara sauri. Aiki ya yi mai kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya ci gefe biyun daidai wa daida, ya buɗe sabuwar wushirya, ya hure ƙurar, ya goge da gefen tawul. Ya tura, ya danna, 'yan maƙallan gefe suka ce ƙas. Ya zauna daram.

Ya mayar da batir, ya juyo da injin, ya danna maɓalli yana murmushi. Fitilar ta yi ƙyaf ta mutu. Wani siririn wari ya taso, irin na roba in ta taɓa wuta. Ya sake dannawa. Ya cire sabon memorin ya danna, ya sa waya ya danna. Fuskar injin ta tsaya baƙa, ba abin da yake gani a ciki sai tsohon da ke leƙe. Malama ta daina bugun gado. Da ya juyo hawaye na gangara ta gefen idonta zuwa kunne, ba ta ko ce "ba" ba.

Mai gyaran da aka kwatanta masa mace ce, mai 'yar furfura, shagonta a bayan wani kantin magani. Ta buɗe injin, ta shinshina, ta ɗaga memorin ta duba a haske. Ta daɗe tana kallon gefen.

"Wa ya yi wannan gugar?"

"Ni ne."

"Hannunka na da kyau, Baba." Ta ajiye shi a hankali. "Amma wushiryar nan ba kuskuren maƙera ba ne. Da gangan aka kautar da ita, don ta hana shi shiga inda ba nasa ba. Wuta ta bi inda bai kamata ba, babban allon ya ƙone, irinsa kuma an daina yi."

Ya ce, "Muryar fa?" Sai da ya ba ta labari kafin ta gane. Ta ce muryar da hotunan suna cikin ma'ajiya, ita ba abin da ya same ta, za a iya kwashe su a zuba a wani injin. Ta jawo hotunan injuna a wayarta tana nuna masa. Wannan siriri ne mara nauyi, amma memorinsa a like yake, abin da ka saya da shi za ka mutu. Wannan yana da gurbi, in an so daga baya...

"A'a," ya katse ta. "Wanda aka cika. Duk abin da ake sa wa a sa masa tun yau. Kar a bar komai."

Ta ce to akwai wanda fuskarsa ma taɓawa ake yi, ba sai da linzami ba, zai fi wa mai hannu ɗaya sauƙi. Ya ce shi yake so. Ta ce babu shi a ƙasa, sai an yi oda, zai ɗan ɗauki lokaci.

Kafin injin ya iso, Za-a-ƙara ya yanka kwali ya zana mata hotuna: kofi, gado, alamar e da ta a'a. Ta duba zanen, ta dube shi. Takan nuna kofi in ƙishi ya matsa mata, shi ke nan. Kwali ba ya kira daga ɗaki, ba ya tsiya, kuma sai mutum na tsaye a kanta yana kallo kafin ya yi amfani. Ya koma shi ke magana. Mutumin da "uhm" ta ishe shi rayuwa ya zauna a bakin gado yana kawo labarin layi, wa ya yi sabuwar ƙofa, wa ya tashi, yana yi yana tuntuɓe, labarin na ƙarewa tun bai kai ko'ina ba. Kullum sai ya ce mata an ce sabon injin ya kusa isowa. Wata rana da la'asar yana ba ta ruwa sai ruwan ya dawo ta gefen baki, idonta ya kafe. Aka koma asibiti. Likita ya ce ciwon shanyewar ne ya sake bugunta, ƙarami, amma ya taɓa ɗaya ɓarin. Suna can mai gyara ta kira ta ce kaya ya iso.

Auta ta samu hutu ta zo, aka dawo da Malama gida. Yarinyar ba ta ce wa uban komai ba game da gugar, wannan kuma ya fi masa zafi fiye da a ce ta yi faɗa. Ta zauna a falo ta shirya sabon injin. Tana taɓa hoto, kafin ta ɗauke yatsa murya ta fito. Ruwa. Zo. Na gode. Ko ƙiftawar ido babu a tsakani. Suka kai shi ɗaki, suka tayar da Malama da matasai, suka ɗora mata a cinya.

"Mama, ga shi. Taɓawa kawai za ki yi."

Idon Malama ya sauka a kan hotunan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hannun hagun na kwance a kan zane. Yatsun suka ɗan motsa, kamar mai neman abu a aljihu, suka tsaya. Auta ta jira, ta sake cewa, ta jira. Sai ta ce bari ta duba abin da ta ɗora a wuta, ta fita da sauri, alhali ba ta ɗora komai ba.

Ya matso ya zauna inda Auta ta tashi. Ya ɗauki hannun matarsa, ya tallafe shi a tafinsa, ya miƙar da manuniyar a saman gilashin, tsakanin e da a'a.

"Malama," ya ce, "kina fushi da ni?"

Bai ankara ba hannunsa ya ɗan yi ƙasa. Yatsan ya sauka.

"A'a," in ji muryar, nan take, tsaf, har da ɗan sautin dariyar da Auta ta yi ranar ɗauka.

Daɗi ya taso masa, sannan ya koma. Ya duba hannunta a cikin nasa, ya duba fuskarta. Tana kallonsa, bai iya karanta komai ba.

"Ba ke kika faɗa ba," ya ce. "Ni ne."

Ya kwantar da hannunta a gefen gilashin, kusa yadda ɗan motsi kaɗan zai kai. Ya janye nasa hannuwan ya danne su a ƙarƙashin cinyoyinsa. Ya sake yin tambayar a hankali. Can fuskar injin ta fara dusashewa don ba a taɓa ta ba. Ya zaro hannu ɗaya ya taɓa can kusurwa inda babu hoto, haske ya dawo, ya mayar da hannun ya ci gaba da jira.